Wa Zai Riƙe Yaran Kafin a Gama Magana?

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan aure ya mutu, maganar kayan ɗaki ba ta cika ɗaukar lokaci ba. Mata su zo su kwance gado, su tattara kwanuka, a ɗora a mota ko amalanke, kafin la'asar an gama. Maganar yara ce take tsayawa. Sau da yawa ma ba a zama a yi ta. Miji ya ce, "Ki tafi da na goye, sauran ki bar mini, ai ba da su kika zo ba." Ta fita tana hawaye, a gida kuma a ce mata, "Yi haƙuri, idan rai ya huce za a yi magana." Wannan zaman na "kafin a yi magana" shi ne riƙo na wucin gadi. A gidaje da yawa shi ne yake rikiɗewa ya zama na har abada, ba tare da wani alƙali ko malami ya taɓa sa baki ba. Saboda haka makonnin farko na rabuwa sun fi ranar yanke hukunci muhimmanci.

Al'adar da muka tashi a cikinta da dokar da kotu take aiki da ita sun raba hanya a wannan mas'ala. Al'ada ta ce ɗa na uba ne: uwa ta shayar, ta yaye, a zo a ɗauke a kai wa kakar wajen uba, ko a haɗa shi da kishiya. Kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Katsina kuwa, waɗanda suka gaji kotunan yanki a shekarar 2000, da mazhabar Imamu Malik suke hukunci, kuma sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci aure da saki da kula da ƙananan yara cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take dubawa. Littattafan da alƙali yake buɗewa su ne waɗanda ake karantawa a zaurukanmu: Risala ta Ibn Abi Zaid, Muhtasar na Shehu Halil, Tuhfa ta Ibn Asim. A cikinsu uwa ce ta farko wajen riƙon ɗa bayan saki ko mutuwar miji. Namiji yana hannunta har ya balaga. Mace tana hannunta har a ɗaura mata aure ta tare a ɗakin mijinta. Babu maganar yaye a ciki.

Za ka ji wani ya ce, "Ai shekara bakwai ne." Wannan magana tana da asali, amma ba daga mazhabarmu ba. Hanafawa ne suka tsayar da riƙon uwa a shekara 7 ga namiji, 9 ga mace, Shafi'awa kuma suka ce idan yaro ya yi wayo a ba shi zaɓi tsakanin iyayensa. Alƙalin Ƙanƙara ko na Faskari ba da waɗannan yake aiki ba.

Tushen hukuncin tsoho ne. Abu Dawuda ya ruwaito labarin matar da ta kai kuka wurin Manzon Allah (SAW) cewa mijinta ya sake ta kuma yana son ƙwace ɗanta, aka tabbatar mata da cewa ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi wani aure ba. A Muwaɗɗa kuma akwai labarin Sayyidina Umar da ɗansa Asim. Bayan ya rabu da uwar yaron, ya tarar da shi yana wasa a Ƙuba, ya ɗauke shi ya ɗora a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya ce a bar mata yaron, Umar bai ja ba. Ina so iyaye maza su tsaya a kan wannan labari. Wanda aka hana ɗaukar ɗansa Umar ne, wadda aka bar wa shi kuwa ba ma uwar ba ce, kaka ce.

Wannan bai rage wa uba komai daga ubancinsa ba. Shari'a ta raba aikin gida biyu. Riƙo, wanda malamai suke kira halana, shi ne kwana da tashi, wanka da wanki, abinci, jinya. Walicci kuwa na uba ne: shi yake da ta cewa a kan karatun yaro da tarbiyyarsa, shi yake aurar da 'yarsa, sunansa yaro yake amsawa, shi zai gada. Yana da damar ganin ɗansa, ya sa shi makaranta, yaro ya je wurinsa da rana ya koyi sana'a ko noma, amma kwana a wurin mai riƙo yake yi. Ciyarwa da tufatarwa da magani duk a wuyan uba suke, ko yaron yana ɗakin uwarsa ko yana na kakarsa. Kalmar nan ta "in kika tafi da su to ki ci da su" ba ta da gurbi a shari'a.

Yanzu sai a duba irin rabuwar da aka yi, domin alƙali ma da wannan zai fara. Idan yaji ne, aure yana nan daram, riƙo kuma na iyaye biyu ne tare. Babu wanda zai ce shi kaɗai ke da yaran, kuma kotu za ta fi karkata ga biko da sulhu. Duk da haka jariri mai shan nono ba a raba shi da uwarsa don a tilasta mata ta dawo. Wannan cutar da yaro ne, kuma ana yin sa a ƙauyukanmu fiye da yadda muke son mu yarda. Idan saki ɗaya ne ko biyu, mace tana cikin idda, tsarki uku ga mai haila, haihuwa ga mai ciki. A ƙa'ida a ɗakinta za ta yi iddar, miji yana ci da ita, yara suna gabanta. Mun saba ana ba mace takarda ta kama hanya a ranar, kuma a wannan fitar gaggawa ce ake baro yara. Idan saki uku ne ko kul'i, ko idda ta cika ba a yi kome ba, riƙo ya zama nata kai tsaye. Ba ta buƙatar takardar kotu kafin ya zama nata. Takardar tana amfani ne idan an hana ta ko ana barazanar ƙwacewa.

Ga inda mata da yawa suke asara ba su sani ba. A mazhabar Malikiyya, mai haƙƙin riƙo idan ta sauke shi da kanta ba tare da wani uzuri ba, ba ya dawo mata don kawai ta sake shawara. Idan kuwa uzuri ne ya sa ta bar yaran, kamar ciwo, ko tsoro, ko tafiyar da ba makawa, to idan uzurin ya kau za ta karɓi abinta. Amma ko a nan malamai sun ce idan ta yi shiru kamar shekara guda bayan uzurin ya wuce, ko yaron ya shaƙu da wadda take riƙe da shi har raba su zai cutar da shi, ba za a ba ta ba. Wato shiru yana da hukunci. Macen da ta fita ta bar yara, ta zauna gidan iyayenta damina ta zo ta wuce ba ta ce uffan ba, ranar da ta je kotu lauya ko wakilin miji abin da zai fara faɗa shi ne, "Da kanta ta bar su." Kunyar da aka koya mana, ta kada uwa ta nuna zaƙuwa a kan ɗanta musamman na fari, a gaban alƙali tana iya zama hujja a kanta.

Maganin wannan ba shi da tsada. Idan dole ta sa kika fita ba tare da yaran ba, ki faɗa a gaban mutum biyu masu mutunci cewa ba ki sauke haƙƙinki ba, kin bar su ne zuwa lokaci kaza saboda dalili kaza. Ki sa mahaifinki ko waliyyinki ya aika gidan mijin da wannan saƙo a cikin makon. Idan akwai waya, saƙon murya na WhatsApp da aka ajiye yana taimakawa wajen tuna wa mai musu abin da aka yi, ko da yake shaidar mutane ce ginshiƙi a kotun shari'a.

Haka nan a yi hattara da kul'i. Macen da aure ya ishe ta takan ce a gaban alƙali, "Na yafe komai, ni dai a raba mu." Malikiyya sun yarda a yi kul'i a kan mace ta bar riƙo, ko ta ɗauki nauyin ciyar da yaro na wani lokaci, matuƙar hakan ba zai cutar da yaron ba. Idan aka rubuta haka kika sa hannu ko kika dangwala yatsa, warware shi aiki ne babba. Ki nemi a karanta miki abin da aka rubuta da Hausa kafin ki amince, ki ce a fili sadaki kike mayarwa, ba yara ba.

Sai maganar sabon aure, wadda ta fi shafarmu, domin bazawara a wajenmu ba ta daɗewa a gida. Idan uwa ta yi aure da wanda ba muharramin yaron ba, har ta tare, haƙƙinta ya faɗi. A nan ne kusan kowa yake ɗauka cewa sai a mayar wa uba. Ba haka jerin yake ba. Bayan uwa sai mahaifiyarta, sai kakarta, sai 'yar'uwar uwa, sai innar uwa, sannan a tsallaka wajen uba a fara da mahaifiyarsa, sannan shi kansa, sai yayar yaron, sai gwaggonsa, har zuwa sauran dangi. An fifita mata, an kuma fifita ɓangaren uwa, saboda tausayi ake nema. Sharaɗin kakar wajen uwa shi ne kada ta kasance gida ɗaya take zaune da 'yar tata da haƙƙinta ya faɗi. Akwai kuma wuraren da aure ba ya kayar da riƙon uwa: idan ta auri muharramin yaron, kamar ƙanen ubansa, ko jaririn ya ƙi nonon kowa sai nata, ko babu wani mai riƙo da ya cancanta, ko wanda riƙon zai koma gare shi ya san ta yi aure ya yi shiru shekara guda. Shirun nan yana cin uba kamar yadda yake cin uwa. Maroko, wadda ita ma ƙasar Malikiyya ce, ta ƙara sassautawa a dokar iyali ta 2004, inda auren uwa ba ya kayar da riƙonta idan yaron bai wuce shekara 7 ba. Mu a nan da tsohon jerin ake aiki.

Duk wanda zai riƙe yaro, mace ko namiji, akwai abin da ake nema a wurinsa: hankali, ikon ɗawainiya, amana, rashin ciwo mai yaɗuwa da zai cutar da yaron, iya tattalin kuɗin da za a ba shi, da mazauni mai aminci, musamman ga yarinyar da ta fara tasawa. Namiji kuma sai yana da macen da za ta kula da yaron a gidansa. Abin da manyan masu sharhi suka rinjayar shi ne ana ɗaukar uwa a matsayin mai amana, wanda ya ce ba ta da ita shi zai kawo hujja. Talauci ba ya cikin abubuwan da suke kayar da riƙo, tun da ciyarwa ba a kanta take ba. Macen da take sana'ar ƙuli-ƙuli ko awara a gidan ubanta ba ta gaza ba a idon shari'a.

Kalmar aminci a littafi gajera ce, amma a yankinmu ita ce rabin shari'ar. Garin Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya a daren 11 ga Disamba 2020, aka sako 344 bayan kwana shida, ba ya buƙatar a yi masa bayanin ma'anarta. Ƙauyuka da dama na gefen daji sun watse, mutanensu suna cikin garin Ƙanƙara da Faskari, wasu Funtuwa, wasu Malumfashi. Idan uwa tana gari mai jami'an tsaro da makaranta, uba kuma yana ƙauyen da ake kwana a cikin gona don tsoron hari, wannan magana ce da ya kamata alƙali ya ji da sunan ƙauyen da abin da ya faru a can. Idan akasin haka ne, uba ma yana da damar ya faɗa, kuma hujja ce mai ƙarfi ta neman a ajiye yaran a wurinsa ko wurin mahaifiyarsa har hali ya canja.

Ƙaura tana da nata hukunci. Malikiyya sun sa iyaka ta baridi shida, wato mil 72, sama da kilomita 100. Idan mai riƙo za ta ƙaura ƙaurar zama zuwa wurin da ya kai wannan nisa, waliyyi yana da damar karɓar yaron. Idan waliyyin ne zai ƙaura, yana iya tafiya da shi, da sharaɗin hanya da garin da za shi duk suna da aminci. Tafiyar biki ko fatauci ko cin rani ba ta shiga ciki. Daga Faskari ko Sabuwa zuwa Funtuwa, ko daga Ƙanƙara zuwa Malumfashi, bai kai wannan nisa ba. Abuja da Legas sun wuce shi nesa. Uwar da za ta bi 'yan'uwa zuwa can da yara ta nemi yardar uban a gaban shaidu ko izinin kotu tukuna. Wanda kuma yake shirin tura yaro ɗan shekara 6 almajiranci wani gari mai nisa a daidai lokacin da ake jayayya, ya sani cewa ikon da yake da shi na zaɓar makaranta bai ba shi ikon raba yaron da makwancinsa ba, kuma uwa tana iya roƙon kotu ta dakatar da tafiyar.

To ta ina ake farawa? Daga gida. Waliyyan da suka ɗaura auren su ne suka fi dacewa su zauna, da liman ko mai unguwa a matsayin shaida. Idan ta ƙi ci, a je wurin magaji ko hakimi. Hukumar Hisba da aka kafa a zamanin Gwamna Dikko Radda da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma su ma suna yin sulhu. Duk waɗannan sasantawa suke yi, ba su yanke hukuncin da za a tilasta. 'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne su ce ga wanda zai riƙe yaro. Wurinsu ake zuwa idan akwai duka, ko barazana, ko an gudu da yaro ba a san inda yake ba. Abin da nake roƙo shi ne duk sulhun da aka yi a rubuta shi, ko da ajami ne a takardar littafin makaranta: sunayen yaran, wurin wa za su zauna, har zuwa yaushe, ranar da ɗayan zai gan su, wa zai kai su wa zai dawo da su, abin da uba zai bayar da ranar bayarwa, da cewa babu wanda ya sauke haƙƙinsa. Kowa ya riƙe kwafi. Yarjejeniyar baki tana tsufa da masu ita, kuma kowa yana tuna ɓangaren da ya yi masa daɗi.

Idan sulhu ya gagara, kotun shari'a ta yankin ita ce matakin farko. Ba dole sai da lauya ba. Za ki je wurin magatakarda ki faɗi ƙararki, ki biya kuɗin shigar da ƙara, ki karɓi rasit, a ba da sammaci a kai wa wanda ake ƙara. A bisa ƙa'ida ana kai ƙara ne inda wanda ake ƙara yake zaune ko inda abin ya faru. Macen da ba ta son tsayawa gaban jama'a tana iya naɗa wakili, uba ko yaya ko kawu, ya yi magana a madadinta. Ki tafi da takardar saki idan akwai, da takardar haihuwar yaran ta Hukumar Ƙidaya, da katin rigakafi ko na asibiti, da duk wani rasit na makaranta ko magani. Waɗannan ƙananan takardu su ne suke nuna wanda yake ɗawainiya da yaron tun farko.

Shari'a tana iya jan watanni, a ɗaga yau a ɗaga gobe, shi ya sa roƙon wucin gadi yake da muhimmanci tun zaman farko. Ba ya buƙatar wata doguwar Larabci ko Turanci. Ya isa a ce, "Allah ya gafarta malam, ina roƙon kotu ta faɗi inda yaran nan za su zauna kafin a gama shari'a, da abin da babansu zai riƙa bayarwa, da ranar da zai riƙa ganinsu." Idan an raba ki da mai shan nono, wannan shi ne abin da za ki fara faɗa tun a wurin magatakarda. Alƙali yana iya barin yara inda suke, ko ya mayar da su ga uwa, ko ya ajiye su a hannun wani amintacce cikin dangi idan zargin da ake yi mai nauyi ne. Ki nemi a rubuta umarnin, a ba ki kwafi mai hatimi. Daga nan shari'a ta bi tsarinta: mai da'awa ya kawo shaidu, mai musu ya yi rantsuwa inda ta hau kansa, kafin hukunci kuma alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi kowa ko yana da sauran magana ko hujja. Kada a yi shiru a wannan gaɓa idan akwai abin da ya rage.

Kuɗin ciyarwa yana da wani sirri da ya kamata iyaye mata su sani. A Malikiyya, ciyarwar ɗa da ta wuce ba ta zama bashi a kan uba don kawai lokaci ya shuɗe, sai idan alƙali ya riga ya yanka ta, ko wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi ba kyauta ba. Matar da ta ci da yara shekara uku sannan ta zo neman abin da ta kashe tana iya tashi hannu rabbana. Wadda ta sa aka yanka tun watan farko, duk watan da bai biya ba bashi ne. Alƙali yana yankawa ne gwargwadon ƙarfin uba da tsadar kasuwa. Ga manomi, ni ina ganin ya fi alheri a ƙayyade wani ɓangare da hatsi, tiya kaza ta masara ko dawa a wata, ko buhu kaza da kaka, domin kuɗin da aka yanka bana ba zai sayi abin da yake saya ba baɗi. Mai ciki da aka saka ana ci da ita har ta haihu, kuma wadda auren ya yanke gaba ɗaya tana da damar neman ladan shayarwa.

Hare-hare sun bar mana zawarawan mutuwa masu yawa, kuma hukuncinsu ɗaya ne: riƙo na uwa ne. 'Yan'uwan mamaci suna iya kula da gonar marayu da rabonsu na gado, amma wannan bai ba su damar raba yaran a tsakaninsu ranar addu'ar arba'in ba tare da yardar uwarsu ba.

Ba kowa ne a yankin yake ƙarƙashin wannan tsari ba. Hausawa Kirista da sauran waɗanda suka yi auren rajista, Babbar Kotun Jiha ce take duba maganarsu a ƙarƙashin dokar aure ta tarayya ta 1970, wadda sashenta na 71 ya sa maslahar yaro a gaba da komai, ba tare da jera uwa ko uba a farko ba. A can ana neman umarnin wucin gadi ne da takardar roƙo da takardar rantsuwa, kuma da wuya a iya ba tare da lauya ba. Maslahar yaro ita ce kuma ginshiƙin Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, wadda Katsina ta yi irin tata da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a 2020. Wanda ba shi da halin lauya ya nemi hukumar tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA. Inda kuma babu aure tsakanin iyayen tun farko, shari'ar Musulunci tana jingina yaro ga uwarsa ne, amma kada mace ta nufi kotu da irin wannan magana sai ta ga lauya. Mutanen wannan shiyya ba su manta da shari'ar Amina Lawal ba, wadda ta taso daga irin wannan magana, ta faro daga Bakori a 2002, ta bi ta Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa, sai a Satumbar 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta.

Wannan matakalar ce shari'ar riƙo ma take bi idan wani bai gamsu ba: daga kotun shari'a zuwa babbar kotun shari'a, daga nan zuwa Katsina. Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 30 ne, saboda haka a nemi kwafin shari'a tun ranar hukunci. Kafin a ji ɗaukakar, umarnin da yake ƙasa yana nan yana aiki sai idan kotu ta dakatar da shi.

Ga uban da yake da dalili na gaskiya, kamar uwa ta samu taɓin hankali, ko ta tafi ta bar yara ba mai kula, ko ana ɗora wa yarinya talla har dare a tasha, hanyar ɗaya ce: ya kai ƙara, ya kawo shaidu, ya nuna macen da za ta kula da su a gidansa, ya roƙi umarnin wucin gadi. Ya kuma shirya jin cewa ko an karɓe daga uwar, mai yiwuwa kakarsu ta wajen uwa za a ba. Tare yaro a hanyar islamiyya a ɗora shi a babur ba ya ƙara wa mutum haƙƙi, kuma alƙali zai tambayi yadda aka yi yaron ya zo hannunsa. Uwa ma da ta samu umarni, idan ta hana uba ganin 'ya'yansa a ranar da aka sa, ta saɓa wa kotu kamar yadda shi zai saɓa idan ya ƙi kawo hatsi. Duk wanda aka karya wa umarni ya koma kotun da ta bayar da shi, da kwafinsa a hannu da mutum biyu da suka ga abin da ya faru, ya nemi a tilasta.